Ƙullin da Ya Riga Bauju Tafiya

Ranar da aka samar wa Bauju kujera a jirgi, ina shago ina ɗinkin takunkumi. Shagon namu yana bakin hanya, gabas da gidanmu kaɗan, ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano. Kafin korona shayi muke sayarwa a ciki. Da aka yi kulle masu shan shayi suka ɗauke ƙafa, sai na shigar da keken ɗinkina na koma yin takunkumi da ragowar yadi. Aikin ya yi mini daidai, don keke ba ya bukatar a yi masa magana.

Bauju matar yayana Tilak ce. Sunanta Rowena, 'yar ƙasar Filifin, amma a wurinmu ba a kiran matar wa da sunanta. A Doha suka haɗu, shi yana tuƙa motar kamfani, ita tana aiki a kantin magani. Bayan aure ya kawo ta nan Naikap, a gefen birnin Kathmandu, ta zauna da mu, ta san mahaifiyarmu, ta koyi harshenmu. Ya zo hutu a ƙarshen sanyi, ya koma bakin aiki da niyyar ta bi shi ba da daɗewa ba. Sai aka rufe filin jirgi. Ya bar ta da ciki, shi kansa bai sani ba.

Bizarta ta aure ce, kuma ba a sabunta mata ita sai miji ya tsaya gaban jami'i da kansa. Tun da babu jirgi, ofishin shige da fice ya yi ta ƙara wa baƙi wa'adi. Da aka fara barin jirage na musamman suna tashi jefi-jefi, sai ƙarin ya tsaya. Wa'adin Bauju ya riga ya cika, saura ta je a buga mata 'yan kwanakin da za su kai ta ranar tafiya, in ta sami tikiti. Likita kuma ya ce in wannan wata ya wuce babu jirgin da zai ɗauke ta da cikin nan. Asibitocin Kathmandu sun cika da masu tari. A Doha kuwa ga mijinta, ga yayarta mai aikin jinya.

Ta shigo shagon tana haki, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da waya.

"Kanci, tsayar da keken nan naki mai ƙarar jirgin ƙasa. An samu. Wata mata ta fasa, sun ba ni wurinta."

Kanci suke kirana, don ni ce auta. Na tashi na rungume ta, cikin ya tokare ni. Muka shiga gida tare. Mun tarar da Ama, mahaifiyarmu, a tsakar gida tana tsince tsakuwa daga shinkafa. Ta saurari labarin duka, tana gyaɗa kai.

"Wace rana ce, Amarya?"

"Asabar, Ama. Da yamma."

Hannun Ama ya tsaya cak a cikin faifan.

"A gidan nan ba a rabuwa ranar Asabar," ta ce.

Kowa a ƙasarmu ya san wannan, ko da wasu sun daina kulawa. Ama ba ta daina ba. Babanmu ranar Asabar ya fita zuwa aiki Indiya, ta roƙe shi ya bari sai Lahadi, ya yi dariya ya ce mota ba ta jira. Gawarsa ce ta dawo. Ina ƙarama sosai lokacin, amma na girma da sanin cewa ko kasuwa mai nisa ba ma zuwa ranar Asabar.

Aka kira Tilak Dai a waya, Dai muke ce wa yaya namiji. Fuskarsa ta fito, yana cikin mota da hular kamfani a kai.

"Ama, jirgi ba ya duba rana."

"Shi jirgin yana da uwa?"

"Mutum ɗari uku ne za su shiga."

"Iyayensu suka sani. Ni jikana ɗaya ne, ko fitowa bai yi ba."

"To ki rubuta wa matuƙin jirgi takarda, ya jira Lahadi."

"Kai dai tun kana ƙarami bakinka ya fi ƙafarka sauri. Kashe wayar nan, zan kira Pandit."

Pandit shi ne malamin da ke duba mana ranaku, na aure da na tafiya da na aza harsashin gini. Bai ɗauki abin da zafi ba. Ya ce ai magabata sun bar mafita, a yi parastan. Wato a rana mai kyau a ƙulle wani abu na matafiyi a kai shi wani gida da ke kan hanyar da zai bi. Da zarar ƙullin ya fita, tafiya ta fara ke nan. In ranar tashi ta zo, matafiyi ya biya ya ɗauki kayansa ya wuce, kamar wanda ya ɗan huta a hanya. Sharaɗin ɗaya ne, abin da ya fita kada ya sake shigowa gida. Ya ce Laraba da safe tana da kyau. Ama ta tambaye shi me za a sa a ciki. Ya ce shinkafa, da ƙwayar supari mai kama da goro, da tsaba ɗaya, da wani abu nata wanda ba ta tafiya sai da shi.

Bauju ta ɗaga kafaɗa tana murmushi. A wata ƙasa ta girma, sarƙar gicciye ce a wuyanta, amma ba ta taɓa yi wa al'adun Ama dariya ba.

"A sa takalmina," ta ce. "Dama ya daina shiga ƙafata."

Laraba da safe Ama ta miƙo mini ƙulli a jan ƙyalle, an ɗaure bakinsa tamau. Ta ce in kai gidan Kaki Menuka, ƙawarta, a layin da ke gangarawa babban titi. Na ji ƙullin bai yi kama da takalmi ba, amma ban saba tambayar Ama ba. Kaki Menuka ta karɓa da hannu biyu, ta hau bene ta ajiye shi a ɗakin ibadarta.

Alhamis muka tashi da jiniya. An gwada mijin Kaki Menuka an same shi da cutar, motar asibiti ta tafi da shi. Kafin rana ta ɗaga an gicciya gora a bakin layin, an ɗaure da igiya, an ajiye ɗan sanda a kan kujerar roba. Mun yi jimami, Ama ta kunna fitila ta yi masa addu'a. Ba wanda ya tuna da ƙulli.

Da la'asar Bauju ta gama shirya akwatinta. Gobe Juma'a ce rana ta ƙarshe da ofis zai buɗe kafin tafiya, kuma a ranar za a yi mata gwajin da ake nema a filin jirgi. Duk wani abu mai daraja a gidanmu yana cikin kabad ɗin ƙarfe, makullin yana ɗaure a ƙugun Ama.

"Ama, a buɗe mini kabad in ɗauki fasfo."

"Wane fasfo? Ɗan littafin nan? Ai ya yi gaba."

"Gaba ina?"

"Yana gidan Menuka. Pandit ya ce abin da ba kya tafiya sai da shi. Takalmi ko a filin jirgi kya saya. Shi kuwa da kunnena na ji kina cewa in babu shi ko ƙofa ba za a bar ki ki shiga ba."

Ama ta faɗi haka ne da fuskar wadda ta yi abin kirki, don a ganinta ta ba tafiyar surukarta tushe mai ƙarfi. Bauju ta ja da baya. Ta dafa bango, ta zauna a kan matakala a hankali, ta kafa wa ƙafafunta da suka kumbura ido. Sai a lokacin Ama ta juya ta dubi gabas, inda gorar take.

Da hannuna na kai ƙullin, don haka na ɗaura takunkumi na fita ba tare da an aike ni ba.

Ɗan sandan babba ne, da furfura a gefen kai, an rubuta Bohara a ƙirjinsa. Ni kuwa ko mai sayar da kayan miya ba na iya yi wa ciniki. A makaranta aji biyar na tsaya, kuma a shekarun nan ban taɓa ɗaga hannu ba. Na tsaya nesa da shi ina murza bakin gyale.

"Ke, lafiya? An ce kowa ya zauna gida."

"Fasfo," na ce. Da kyar ni kaina na ji muryata.

"Me?"

"Fasfon matar yayana. Yana gidan can, mai koriyar taga."

"Ko hular sarki ce a ciki, ƙanwata, sai an buɗe layi. Abinci yana shiga, ba abin da ke fita. Tun safe wannan ya ce janaretansa, wancan ya ce akuyarsa. Koma gida."

Na koma. Amma kafin in juya na ga abu biyu. Igiyar takunkuminsa ta tsinke ya ƙulla ta da zare. A wuyan hannunsa na dama kuma akwai zaren ja da rawaya da ake ɗaura mana ranar cikar wata a damina. Yawancin mazan birni sukan tsinke nasu bayan 'yan kwanaki. Nasa ya koɗe, ya yi baƙi da gumi, amma yana nan.

A gida Tilak Dai yana ta faɗa a waya. Ya ce zai kira wani abokinsa da ya san wani a ofishin unguwa. Abokin bai ɗauka ba. Kaki Menuka ta ce za ta iya jefo ƙullin ta bayan gida, Ama ta ce ba a jefa parastan kamar shara, kuma bayan gidan ma kwata ce cike da ruwan sama. Ana cikin haka Bauju ta ɗago kai.

"In ya dawo hannuna, ba zai sake barina ba. Da shi zan kwana, a ƙarƙashin filo."

"Ba a gidan nan ba," in ji Ama. Muryarta ta yi ƙasa, amma ba ta yi laushi ba. "Abin da ya fita ba ya dawowa. In ya shigo, tafiyar ta warware, kin koma mai fita ranar Asabar."

"Ama, ni ba 'yar ƙasar nan ba ce. Asabar ɗinku ba ta san ni ba."

"Ta san wanda ke cikinki."

Tunda Bauju ta zo gidanmu ban taɓa ganin sun kwana ba sa magana ba sai ranar. Kowacce ta ci shinkafarta tana kallon kwanonta.

Na tafi shago na zauna gaban keke. In kaina ya ɗaure, ƙafata ce ke warware shi. Na yanka baƙin yadi mai kauri, na ɗinka takunkumi biyu masu faɗi, irin na fuskar babban mutum. Ina ɗinki ina kallon ɗakin. Ga bencin masu shan shayi guda biyu, in an haɗa su sun yi gado. Rufinsa daban da na gidanmu, ƙofarsa tana kallon hanya, kuma yana gabas. Kafin in yanke zaren ƙarshe na san abin da zan yi.

Juma'a da sassafe na sami Ama a madafa tana dafa shayi.

"Ama, ki yi wa Bauju sallama yanzu."

Ta juyo da ludayi a hannu.

"Yau za ta bar gidan nan. Mu karɓi ƙullin, mu wuce ofis. In mun dawo ba za ta shigo ba, a shago za mu kwana ni da ita. Fasfo bai shigo gida ba, ita ma ba ta rabu da shi ba. Kuma ranar Juma'a ta tafi, ba Asabar ba."

"Mai ciki a kan benci? Don kada ta kwana a waje na yi ƙullin."

"Zan kai katifata."

"In ɗan sandan ya hana fa? Kin fitar da ita daga gida, ba littafi, ba hanyar dawowa."

"Zai bayar."

Ama ta ajiye ludayin. "Yau kuma wa ya ara miki baki?" ta ce. Sai ta sauke shayin ta ce in ɗauko tulunan tagulla.

Muka cika tuluna biyu da ruwa, muka sa furanni a bakinsu, muka ajiye ɗaya a kowane gefen ƙofa. Ama ta kwaɓa jan gari da shinkafa da kindirmo ta manna wa Bauju a goshi. Ta ba ta kindirmo a cokali, ta sa mata ayaba a hannu. Bauju ta yi ƙoƙarin sunkuyawa ta taɓa ƙafarta, cikin ya hana, Ama ta riƙe kafaɗunta.

"Bari, kada ki haife mini shi a bakin ƙofa. In kin isa ki ce wa wancan mai bakin ya riƙa dafa miki miyar ganye. Kada ki sha ruwan sanyi. In kin fita kada ki waiwayo."

"Ama, jiya na yi miki magana da zafi."

"Ni ma na aika littafinki gidan cuta. Wuce."

Bauju ta jefa tsaba a kowane tulu, ta bi ta tsakaninsu. Na ja akwatin na kai shago na kulle, muka gangara bakin layi.

Bohara yana nan a kujerarsa da kofin shayi. Da ya gan ni ya ɗaga gira.

"Mai fasfo ta dawo. Har da rakiya."

Na haɗa tafin hannuna na gaishe shi, na matsa har inda zai ji ni sosai.

"Dai, jiya ban yi maka bayani daidai ba. Parastan ne."

Ya ajiye kofin.

"Jirginta gobe Asabar. Mahaifiyarmu ta ƙulla shi ranar Laraba, ni na kawo shi gidan can. Fasfon a ciki yake. Yanzu an yi mata sallama, ta fito ta tsakanin tuluna. Ba ta da gidan komawa."

Ya dubi goshin Bauju, ya dubi ayabar da ke hannunta, ya dubi cikin.

"Fasfo a cikin parastan," ya ce a hankali. "Wace ce ta yi wannan dabara?"

"Ama."

"Ta yi kyan kai, ba ta ƙulle matuƙin jirgin ba." Ya yi dariya har ya ƙware. Da ya natsu sai ya ce, "Ranar da zan tafi horon ɗan sanda, tawa tsohuwar ta aika wandona ƙauyen gaba. Wandon kuwa shi ne kaɗai mai kyau da nake da shi. Da gajeren wando na yi sallama da dangi." Ya shafa zaren hannunsa. "Jiya da kin faɗi haka. Fasfo kaya ne, kaya kuma suna jira. Parastan mutum ne a kan hanya, ba a barinsa a tsare."

Bai buɗe gorar da kansa ba. Ya kira ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ya yi mata bayani, na ji ita ma tana dariya ta cikin wayar. Ta ce kada kowa ya shiga, kada kowa ya fito, a sauko da shi da igiya, a fesa masa magani, a bar shi ya sha rana kafin a taɓa.

Kaki Menuka ta buɗe koriyar tagarta. Idanunta sun kumbura don kukan mijinta, amma bakinta yana nan yadda na san shi.

"Kanci, ke ce ke magana da ɗan sanda? Ni na ɗauka sai ranar aurenki za mu ji muryarki."

"Kaki, yaya jikin maigida?"

"Ya kira da safe yana ƙorafin gishiri ya yi kaɗan a abincin asibiti. Mai ƙorafi ba ya mutuwa. Amarya, ga kayanki. Kwana biyu yana gaban allolina, in bai sami albarka ba to ba laifina ba ne."

Ta sa ƙullin a bokitin da suke jawo kayan miya da shi, ta zuro shi ƙasa. Bohara ya zare gora ɗaya mai tsawo daga shingen, ya tsaya daga waje, ya saƙalo ɗaurin ƙyallen kamar mai tsinkar gwanda. Sau biyu yana zamewa. A na uku ya taho yana lilo a bakin gorar, duk mutanen layin suna leƙe ta tagogi. Ya ajiye shi a kan dutse, ya fesa masa magani har jan ƙyallen ya jiƙe. Muka tsaya muna kallonsa yana bushewa. Na kai hannu zan ɗauka, ya tare ni da gorar.

"Ba ke ba. Mai tafiya."

Bauju ta durƙusa da kyar ta kwance ƙullin. Fasfon yana nan lafiya a cikin ledarsa, sai dai Ama ta dangwala masa jan gari a tsakiyar bango, kamar goshin mutum. Bauju ta dube shi, ta dube ni, dariya da hawaye suka zo mata tare.

Na miƙa wa Bohara takunkumin da na ɗinka. Ya ja baya.

"Ba na karɓar komai a bakin aiki."

"Na Ama ne. Ta ce naka ya tsinke."

Ama ba ta san da su ba, amma na san ba zai mayar da kyautar tsohuwa ba. Ya karɓa, ya gwada ɗaya, ya rufe masa har gashin baki.

Wani maƙwabcinmu mai tasi yana da takardar izinin fita, shi ya kai mu cikin gari. Titunan da muka saba kwashe rabin yini a cunkoso babu kowa sai karnuka da shanu. Muka fara zuwa wurin gwaji, aka zura wa Bauju tsinke a hanci, ta yi atishawa ta zagi Tilak Dai da yarensu. Daga nan muka wuce ofis. An zana da'irori da farin fenti a tsakar gida, kowa yana tsaye a tasa. Akwai Turawa masu hawan dutse da gemunsu ya yi tsawo, da ɗaliban addini masu jan mayafi, da wata mata 'yar Sin da yara biyu. Kowa da labarin jirginsa, an soke na wannan, an ɗaga na wancan. Da suka ga cikin Bauju suka matsa mata ta wuce gaba.

Jami'ar da ke bayan gilashi ta karɓi fasfo da tikiti. Tana buɗewa ƙwayoyin shinkafa suka zubo a kan teburinta. Ta tsaya. Ta juya bangon ta ga jan garin. Ta ɗago ta dubi goshin Bauju.

"Gobe Asabar ko?" ta ce.

"E."

"Surukarki tana ji da ke."

Ta duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ta yi 'yan tambayoyi, ta aike mu wata taga muka dawo. Sannan ta buga hatimi. Ta tattara shinkafar da gefen hannunta, ta mayar cikin ledar fasfon, ta miƙo.

Da muka dawo Naikap motar ta tsaya a ƙofar shago. Na tarar an share shi, an haɗa bencin, an shimfiɗa katifa biyu, tawa da ta Ama, har da gidan sauro. Ama kuwa ba ta nan. Wanda aka yi wa sallama ba a sake fitowa a gaishe shi. Ni ce na yi ta kai da kawowa tsakanin gida da shago da kwanuka: shinkafa, miyar wake, ganye, da naman akuya da ba mu ci ba tun farkon kulle.

"Ta ce ki cinye."

"Ki ce mata mutum biyu ne mu, ba goma ba."

Na je na faɗa, na dawo.

"Ta ce jirgi ba ya auna mutum, akwati yake aunawa."

Asabar da hantsi sakamakon gwaji ya shigo wayar Bauju, ba ta da cutar. Da azahar mai tasi ya zo. Muna sa akwati a bayan mota na hango Ama a kan rufin gidanmu tana shanya masara, ta ba hanya baya. Masarar nan tun shekaranjiya ta bushe. Bauju ta shiga gaba ta zauna, fuskarta tana kallon gabas, ba ta waiwaya ba. Ta dai miƙa hannu ta gyara madubin gefen mota, ta daɗe tana kallon cikinsa.

A bakin layi Bohara ya ɗaga mana gorarsa, da baƙin takunkumi a fuska.

Ba a barin masu rakiya su shiga filin jirgi. A bakin ƙofa Bauju ta sa rigar leda da gilashin fuska, ta zama kamar mai aikin asibiti. Ta riƙe hannuna.

"Kanci, in na haihu ke za ki fara yi masa magana a waya. Na ga kin iya."

Na ce to. Na tsaya har ta nuna fasfo a ƙofa, mai gadin ya duba, ya matsa mata ta shige.

Rana ta kusa faɗuwa na iso gida. Ama tana kan rufi har yanzu, na hau na zauna kusa da ita muna ɓarar masara. A watannin nan sama ta yi shiru, har mun manta da ƙarar jirgi. Da ta taso daga gabas, duk unguwa aka fito kan rufi ana kallo. Jirgin ya bi ta kanmu, ya nufi bayan duwatsu.

"Mutum ɗari uku," in ji Ama, tana girgiza kai. "Ranar Asabar. Ubangiji ya tsare 'ya'yan mutane."

"Har da Bauju a ciki, Ama."

"Amarya tun jiya ta tafi."

Ta bi shi da ido har ya ɓace. Sannan ta kakkaɓe zaninta ta miƙe.

"Sauka ki ɗora shayi. Ki kai wa ɗan sandan nan, ki sa masa sukari sosai. Ki tambayo Menuka ko suna da sauran gishiri."

Na sauka na ɗora tukunya.